Yadda miji da mata za su zaga kudancin Aisland da motar kwana a lokacin hunturu, tun daga Legas

Aisland tsibiri ne a can ƙuryar arewacin Tekun Atalantika, mutanensa ba su kai rabin miliyan ba. Yana zaune ne daidai kan tsagar da ta raba farantin ɓawon ƙasa na Arewacin Amurka da na Turai da Asiya, kuma faranten biyu suna nisantar juna da kimanin santimita 2 a kowace shekara. Wannan tsaga ce ta ba su duwatsu masu aman wuta, da ruwan da ke tafasa daga ƙarƙashin ƙasa, da baƙin yashi a bakin teku. Miji da mata mazauna Legas za su iya zuwa su gani da idonsu a cikin motar haya mai gado da murhu a ciki, wadda ita ce abin hawa, ita ce masauki. Amma a hunturu tafiyar tana da sharaɗi ɗaya da ya rinjayi komai: iska da ƙanƙara ne ke yanke inda za ku kwana, ba jadawalin da kuka rubuta a gida ba. A kan wannan aka gina duk matakan da ke tafe.

Mataki na farko: wata da hanya

Ku bar Disamba. A ƙarshen watan, rana tana fitowa a Reykjavik, babban birnin ƙasar, bayan ƙarfe 11 na safe, ta faɗi wajen 3:30 na yamma, hasken awa 4 ke nan da 'yan mintuna. Ba a biyan kuɗin jirgi daga Legas don a yi ta tuƙi cikin duhu. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa tsakiyar Maris ya fi: hasken rana ya haura awa 8 yana ta ƙaruwa, dusar ƙanƙara tana nan, kuma dare yana da duhun da za a ga hasken nan mai launin kore da ke rawa a samaniyar arewa. A 'yan shekarun nan watan azumi yana faɗowa a wannan tsakani, don haka ku duba kalanda ku yanke shawara tun da wuri.

Babbar hanyar da ta kewaye tsibirin, Hanya mai lamba 1, ta haura kilomita 1,300. Ra'ayina, kada ku ce za ku gama ta a zuwan farko cikin hunturu. Gabas da arewa suna da hawan duwatsu da ake rufewa akai-akai. Ku tsaya a kudu: daga Reykjavik zuwa tafkin Jokulsarlon, kimanin kilomita 380, ku juyo. Ku ba wannan kwana 9, a cikinsu kwana 2 kada ku rubuta komai. Na guguwa ne. In ba ta zo ba, riba ce.

Mataki na biyu: biza da jirgi

Aisland tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shiga da mutum cikinsu, don haka bizar Shengen za ku nema. Shafin hukumar shige da fice ta ƙasar yana nuna ofishin da ke karɓar takardun 'yan Najeriya, ku fara daga can, kada ku fara daga ɗan tsakiya. Ana iya nema tun saura wata 6 a tafi. Kuɗin babba Yuro 90 ne tun daga Yunin 2024, ban da na cibiyar da ke karɓar takardu. Dole fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar dawowa, da shafuka 2 da ba a buga komai ba, sannan da inshorar lafiya ta tafiya da ta kai Yuro 30,000.

Abu biyu ne ke yawan tsayar da mutanenmu. Na ɗaya takardar aure. Da yawa an ɗaura mana aure a masallaci ko a ƙofar gida, shaidu sun shaida, amma babu takarda. In maigida ne zai ɗauki nauyin uwargida, sai an ga shaidar aure a rubuce, don haka ku nemo ta kafin komai. Na biyu shaidar masauki. Tunda ba otel za ku kwana ba, ku haɗa takardar kama motar da jadawalin sansanonin da za ku kwana dare bayan dare, da gajeriyar wasiƙa mai bayanin cewa motar ce masaukin.

Babu jirgin da ke tashi daga filin Murtala Muhammed kai tsaye zuwa Keflavik, babban filin jirgin Aisland. Ku bi ta Amsterdam ko Faris ko Frankfurt, inda bizar hannunku ta wadatar, kuma a nan jami'an shige da fice za su tantance shigarku. Landan tana da nata dokokin bizar wucewa ga mai fasfon Najeriya, babu dalilin ƙara wa kai wannan. Agogon Aisland yana bayan namu da awa 1.

Mataki na uku: motar

Nan ne kuɗi ke tafiya, nan ne kuma bai kamata a yi ƙoron kashewa ba. Ku nemi mai ja da ƙafa huɗu, wadda ba ta cika tsayi ba, domin doguwar mota iska ta fi kaɗa ta. Kafin ku biya, ku aika wa kamfanin wasiƙa ku sami amsa a rubuce a kan abubuwan nan. Tayoyin masu ƙusoshi ne? Doka ta yarda da su daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu, kuma a kan ƙanƙara bambancinsu da tayar da ba ta da su babba ne. Hitar ɗakin kwanan mai shan dizal ce da ke aiki duk dare ko injin yana kashe, da batirinta daban? In ba haka ba ne, ku nemi wani kamfani. Giyar otomatik ce ko ta hannu? Da yawa cikin masu sauƙin kuɗi ta hannu ce, kuma ranar farko a kan ƙanƙara ba ranar tuna yadda ake sakin kuloci ba ce.

Inshora ku ɗauki babba. Akwai ta tsakuwa, saboda gilashin gaba. Akwai ta yashi da toka, wadda ta dace da kudu ƙwarai, domin in iska ta taso a filayen baƙin yashi tana iya kankare fentin mota. Abin da yawancin inshora ba ta biya shi ne ƙofar da iska ta fizge ta lanƙwasa. Maganinsa kyauta ne: ku faka motar tana fuskantar iska, ku riƙe ƙofa da hannu biyu, kuma mutum ɗaya ya buɗe, ya fita, ya rufe, sannan ɗayan.

Lasisin tuƙinmu da Turanci yake, yana da hoto da lamba, amma ku ƙara da lasisin ƙasa da ƙasa daga hukumar kiyaye haɗurra, ku kuma tambayi kamfanin ko ya amince. In uwargida tana tuƙi, a sa sunanta a takarda a matsayin direba na biyu, in ba haka ba inshora ba ta rufe ta ba.

Sai kati. Aisland kusan ba a taɓa tsabar kuɗi, ko bayan gida na kuɗi da kati ake biya. Kada ku dogara da katin naira. Ku buɗe asusun dala, kowannenku da katinsa mai lambar sirri, domin famfunan mai da yawa babu ma'aikaci, kati da lamba kawai suke nema. Kamfanin haya kuma zai riƙe wani kuɗi a katin a matsayin jingina har ku dawo da mota. Ku tambayi nawa ne, kuma wane irin kati suke karɓa.

Mataki na huɗu: kaya

Sanyin kudancin Aisland bai kai yadda ake zato ba a ma'auni, a Janairu yana yawo ne kusa da sifili. Iska da jiƙa ne ke ratsa ƙashi. Don haka sutura hawa uku ce: ta ciki mai manne jiki ta ulu, ta tsakiya suwaita mai kauri, ta waje jaket da wando da ruwa da iska ba sa ratsawa. Auduga ba ta da wuri a jikin fata, in ta sha gumi sai ta riƙe shi ta yi sanyi. Jaket da suwaita na gwanjo masu kyau ana samunsu a Katangowa da Yaba, kuma da yake masu nemansu a Legas ba su da yawa, ciniki yana faɗawa. Takalmi mai rufe idon sawu da ba ya shan ruwa, shi kam ku saya mai kyau, ku kuma fara sa shi tun a gida. Ku ƙara da ƙusoshin roba da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, saboda hanyoyin ƙafa a wuraren kallo santsi ne zalla.

Hajiya, doguwar jaket mai kaiwa gwiwa a kan wando mai faɗi tana suturtawa sarai. Hijabi ki zaɓi gajere mai kauri wanda za ki cusa cikin jaket, ki ɗora hular ulu. Mai faɗi har ƙasa iska za ta yi ta fizgarsa, kuma kusa da gaɓar dutse wannan haɗari ne.

Kilishi da dambun nama da man shanu ku bar su a gida, ba a shiga da nama ko kayan madara daga wajen Turai. Ku ɗauki yaji, garin kunu, dabino, citta da kanumfari na shayi, ƙuli-ƙuli, da fulas babba. Kada a manta buta, ba za ku same ta a bayan gidansu ba.

Mataki na biyar: ranar sauka

Keflavik tana da nisan kimanin kilomita 50 daga Reykjavik. Za ku iso a gajiye bayan kwana a jirgi, don haka yau babu doguwar tafiya. A wurin karɓar mota ku ɗauki bidiyonta ciki da waje, ku sa ma'aikacin ya kunna hita ya kashe a gabanku, sannan ku ma ku yi da hannunku, ku biyun. Ku tsaya a Bonus ko Kronan, su ne kantuna masu rahusa, ku sayi shinkafa, taliya, ƙwai, kifi, burodi, albasa da kindirmonsu mai kauri da ake kira skyr. Tsiran nan (hot dog) da ake sayarwa cikin burodi a kowane gidan mai, wadda kowa zai ce ku ɗanɗana, akwai naman alade a haɗinta. Kifi ya ishe ku, kuma nasu mai kyau ne. Ruwan famfo mai sanyi ana shansa kai tsaye. Mai zafin, a Reykjavik, yana ɗan warin ƙibiritu saboda daga ƙarƙashin ƙasa yake, na wanka ne, ba na shayi ba.

Ku kwana a sansanin Laugardalur cikin Reykjavik, wanda ke buɗe duk shekara. Tun 2015 doka ta hana kwana a motar kwana a gefen hanya ko filin faka motoci, sai a sansani ko da izinin mai fili. Sansanoni da yawa suna rufe a hunturu, don haka kowace safiya ku tabbatar a shafin tjalda.is cewa na daren yau yana buɗe.

Mataki na shida: aikin kowace safiya, da tuƙin kansa

Ku raba aiki. Ɗaya yana tuƙi, ɗayan yana riƙe da waya, kuma ku yi alkawari tun a Legas cewa in mai riƙe da waya ya ce a tsaya, an tsaya, ba gardama. Maigida, wannan ya fi shafarka. Wanda hannunsa ke kan sitiyari yakan ji kamar zai iya, wanda ke kallon taswira shi ke ganin abin da ke gaba.

Shafuka uku za a buɗe kafin a tada mota. Vedur.is na hukumar yanayi yana nuna iska da gargaɗi kala uku: rawaya, ruwan lemo, ja. Umferdin.is na hukumar hanyoyi yana nuna halin kowane yanki na titi, da hotunan kyamarori kai tsaye. Safetravel.is na ƙungiyar masu ceto ne, a nan za ku iya ajiye jadawalinku don a san inda za a neme ku. Lambar gaggawa 112. Ana auna iska da mita a daƙiƙa: 15 daidai take da kilomita 54 a awa, 20 kuma 72. Shawarata ga baƙo mai motar kwana, daga 15 a rage tafiya ƙwarai, daga 20 a zauna a dafa shayi. Gargaɗin ruwan lemo ko ja, ba a fita. In kun ga allo an rubuta Lokað, an rufe hanya ke nan. Wanda ya zagaye shingen ya fita daga inshora, ya kuma jawo masu ceto, waɗanda 'yan sa kai ne, su bar gidajensu cikin guguwa saboda shi. Hanyoyin tsakiyar ƙasa masu harafin F duk a rufe suke a hunturu.

A dama ake tuƙi kamar mu. Iyakar gudu 90 a kan kwalta, 80 a kan tsakuwa, 50 a gari, kuma wannan na ranar da titi ya bushe ne. Fitilun gaba a kunne dare da rana, doka ce. Sauka daga titi a shiga fili da mota laifi ne mai tara mai nauyi, domin gansakukar da ke rufe narkakken dutse tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta farfaɗo.

Tuƙin Legas ya koya mana matse wa na gaba, da taka birki da ƙarfi, da kutsawa duk inda aka ga ƙofa. Ukun nan su ne ke juya mota a kan ƙanƙara. Ku bar tazara mai yawa, ku rage gudu tun kafin kwana ba a cikinta ba, totur da birki duk a hankali. Mafi sharri ita ce siririyar ƙanƙarar da ba a gani, titi ya yi baƙi yana ƙyalli kamar inda tanka ta zubar da mai a hanyar Apapa. In mota ta fara zamewa, ɗaga ƙafa daga totur, kalli inda kake son zuwa, ka bi da sitiyari a hankali. A kudu maso gabas akwai gadoji masu layi ɗaya, wanda ya riga isa shi ke wucewa, don haka a rage gudu tun daga allon gargaɗi. Kada a tsaya a kan titi don hoto, komai kyan wurin. Kuma tanki kada ya sauka ƙasa da rabi, domin da man nan hita take aiki.

Mataki na bakwai: hanyar, rana bayan rana

Rana ta biyu Thingvellir, inda za ku taka cikin tsagar faranten nan da ƙafarku, inda kuma aka kafa majalisar ƙasar a shekara ta 930. Daga nan Geysir, inda Strokkur ke feso tafasasshen ruwa sama duk bayan minti 5 zuwa 10, sai Gullfoss, ruwan da ke faɗowa hawa biyu, mita 32. Ku tsaya bayan igiya a wurin ruwan zafi, ku kuma lura da inda iska ke kai tururin.

Rana ta uku ku kama Hanya ta 1 zuwa gabas. A Hvolsvollur akwai cibiyar da ke bayanin aman wuta da girgizar ƙasa, awa ɗaya a cikinta zai sa duk abin da za ku gani gaba ya yi ma'ana. Sai Seljalandsfoss da Skogafoss, inda ruwa ke faɗowa daga dutse, kowanne kimanin mita 60. Tsaunin da ke samansu shi ne Eyjafjallajokull, wanda tokarsa ta tsayar da jiragen Turai a Afrilun 2010. Gindinsa wuri ne da iska ke saukowa bagatatan, hannu biyu a sitiyari.

Kusa da garin Vik akwai bakin tekun Reynisfjara mai baƙin yashi da ginshiƙan dutse masu kusurwa shida. A nan zan roƙe ku. Igiyar ruwa takan zo ba zato, ta wuce duk waɗanda suka gabace ta da nisa, ta ja mutum, kuma an rasa rayuka a wurin. Akwai fitilun gargaɗi a bakin shiga, ku bi su. Ku tsaya nesa da inda yashi ya jiƙe, kada ku juya wa teku baya don hoto. A bayan Vik, ƙarƙashin ƙanƙarar Myrdalsjokull, dutsen aman wuta na Katla ne ke kwance, babban amansa na ƙarshe a 1918.

Rana ta huɗu ita ce wadda na fi so, kuma mutane suna wuce ta da gudu. Titi yana ratsa Eldhraun, shimfiɗar narkakken dutse da ya fito daga tsagar Laki a 1783 zuwa 1784. Hayaƙinsa mai guba ya kashe dabbobi, yunwar da ta biyo baya ta tafi da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar. Ku tsaya a wurin fakawa da aka tanada, ku kashe inji, ku dubi iyakar ganinku, duk daga aman wata takwas ne. Gaba kuma filin yashi na Skeidararsandur, inda aman wuta a ƙarƙashin ƙanƙara a 1996 ya narko da ambaliyar da ta karya gadoji. An bar murɗaɗɗun ƙarafan gadar a gefen hanya. Ku kwana a Skaftafell, sansaninsa yana buɗe duk shekara.

Rana ta biyar Jokulsarlon, tafkin da manyan gutsattsarin ƙanƙara ke yawo a kai bayan sun ɓalle daga babbar shimfiɗar ƙanƙara ta Vatnajokull. Kogon ƙanƙara mai shuɗi ana shiga ne da ɗan jagora kawai, ku kama wuri tun daga gida. Daga nan a juyo, a kwana biyu, ba a yini ɗaya ba.

Mataki na takwas: dare, salla, wanka

Ku isa sansani da sauran haske. Kada a kunna murhun gas ƙofa da taga a rufe, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Yawancin sansanoni suna da ɗakin girki mai ɗumi, ku yi amfani da shi. Da dare a bar ƙaramar kafa a taga, in ba haka ba numfashinku zai jiƙa bango da bargo. In dusar ƙanƙara ta taru, a duba kada ta toshe bututun hayaƙin hita.

Alƙibla daga Aisland gabas ce da ɗan karkata zuwa kudu. A hunturu azahar da la'asar da magariba suna kusa da juna, don haka ku saita manhajar salla a kan garin da kuke. Ku matafiya ne, kafin ku tashi ku zauna da malaminku a kan ƙasaru da haɗa salloli da shafa a kan huffi, ku tafi da huffin fata. Ruwan alwala a ɗiba daga fulas a sirka. Akwai masallaci a Reykjavik, a titin Armuli, in Juma'a ta same ku a gari.

Kusan kowane gari yana da wurin ninƙaya mai ruwan zafi, amma ƙa'idarsu ita ce a yi wanka ba tufafi kafin a shiga, a ɓangaren maza daban na mata daban, sannan cikin ruwan a gauraye ake. Wanda hakan bai kwanta masa ba, bandakin wanka na sansani ya wadatar.

Hasken samaniya kuwa, a vedur.is akwai taswirarsa. Fari a taswirar yana nufin sama a buɗe take, kore gajimare ne, kada ku karanta ta a juye. Ku kashe fitilun mota, ku ba idanunku minti kaɗan su saba da duhu.

Mataki na tara: Reykjanes da mayar da mota

In kwanakin guguwa sun rage muku, ku ba yankin Reykjanes, wanda filin jirgin ke cikinsa. Bayan shiru na kimanin shekara 800, wuta ta ɓarke a Fagradalsfjall a 2021, a Nuwamban 2023 aka kwashe mutanen Grindavik, kuma daga Disamban wannan shekara aman ya yi ta maimaituwa a kusa da garin. Ku duba safetravel.is a ranar, ku bi umarnin 'yan sanda. Sabon narkakken dutse ba a taka shi ko ya yi baƙi ya bushe, ɓawon sama siriri ne, ƙarƙashinsa na iya zama wuta. Mai asma ya kula da gargaɗin hayaƙi.

Daren ƙarshe ku kwana kusa da Keflavik, domin jiragen Turai da yawa da sassafe suke tashi, kuma guguwa tana iya rufe hanyar Reykjavik. Ku cika tanki, ku share cikin motar, ku sake ɗaukar bidiyonta a gaban ma'aikacin, ku karɓi takardar da ke nuna an karɓe ta lafiya. Ku adana takardar har ranar da kuɗin jingina ya dawo cikin asusunku, domin yakan ɗauki kwanaki bayan kun sauka a Ikeja.